Zoɓon Shekarar Kyau

A walimar saukar karatu da aka yi a masallacinmu na unguwar Morris Heights, ina tsaye ina zuba zoɓo a kofuna, sai na ji wasu 'yan mata biyu suna hira a bayana. Ɗaya ta ce wa ɗayar, "Ni fa idan karatun nan ya ishe ni, zoɓo zan koma sayarwa. Ai ruwa ne da sukari." Suka yi dariya, suka miƙo hannu, na ba su. Wurin ba na dogon zance ba ne. Amma da na dawo gida na ga ya kamata in rubuta muku yadda aikin yake, ku 'ya'yanmu da kuka taso a ƙasar nan. Ku yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haihu biyu kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gumel, hannuna ba ya sauri. Amma abin da zan faɗa muku na yi shi da hannun nan sama da shekara ashirin.

Aikin farko da aka ba ni tsinta ce. Wadda ta koya mini sana'ar sunanta Inna Mariyama, mutuniyar Maradi, a lokacin ita ke kai wa shagunan mutanenmu na unguwar Harlem zoɓo. Maigidana yana tuƙin tasi, ni ina zaune a ɗaki ina kallon taga, sai matar abokinsa ta kai ni wurinta. Inna ta shimfiɗa farin zane a ƙasan kicin, ta juye rabin buhu a kai, ta ce, "Zamna ki tsince." Na zauna ina fitar da tsakuwa da kara da gashin akuya, na ware mai kyau gefe guda ina jin na yi ƙoƙari. Da ta dawo sai ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na ce masu kyau ne, ta matse shi a kusa da kunnena.

"Mi kika ji?"

"Ban ji komai ba, Inna."

"To shi ne laihinsa. Wanda ya bushe da kyau kuka yake yi in an matse shi. Wanga ya sha raɓa kafin a ɗauke shi. Sake tsinta, ɗiyata."

Na daɗe a kan zanen nan kafin ta bari in taɓa tukunya. Ina tsinta, ina wanke kwalabe, ina riƙe mata jaka a jirgin ƙasa idan za mu kai kaya. Wanke kwalba ma ba wasa ba ne. Idan sabulu ya rage a gindinta, zoɓon da aka zuba ya lalace, mai shago kuma ba zai ce kwalba ce ba, zai ce hannunki ne.

Ranar da ta yarda in ɗora wuta, na taho da babbar tukunyata ta alminiyam daga gida, wai in taimaka. Ta duba ta, ta ce in mayar in ci gaba da dafa shinkafa a ciki. Tsamin zoɓo yana cin alminiyam, sai ki ji ƙarfe-ƙarfe a baki, launin kuma ya dushe. Tukunyarta ta farin ƙarfen nan ce da ba ya tsatsa, ba a taɓa dafa miya a ciki ba. Tana da ludayin duma da ta zo da shi daga gida, ya rine ya yi ja har ciki, da rariya, da farin ƙyallen tata da ake wankewa da ruwan zafi kawai. Ruwan famfon garin nan yana da warin maganin da ake zuba masa, don haka sai an tara shi an bar shi a buɗe ya kwana. Ba ma barin zoɓo ya yi ta tafasa a kan wuta. Ruwa ne ke tafasa, a sauke, a zuba zoɓon da aka ɗauraye, a rufe, a tafi wani aikin. Wanda ya bar shi yana ɓararraka don ya tatsi launi, bauri zai tatso. Kanwa kuwa, da wasu ke jefawa don kashe tsami, Inna ba ta yarda ta shiga tukunyarta ba.

Duk wannan yaro mai hankali zai iya koya. Inda sana'ar take shi ne ɗanɗano. Idan aka kawo sabon buhu, ba a jiƙa shi da yawa. Ana ɗibar tafi ɗaya a jiƙa, a tace, a bar shi ya huce sarai, babu sukari, babu citta, babu komai. Da safe ake yi, a bakin taga, a cikin siririn kofin gilashi. Ranar ba a cin goro, ba a shafa turare, ba a turara ɗaki. Inna takan ɗaga kofin, ta sa farin ƙyalle a bayansa, ta karkata shi ta dubi gefen ruwan. Sabo mai kyau ja ne mai duhu a tsakiya, gefensa kuma kamar jinin kare. Sai ta juya kofin a hankali ta kai hanci. Sai ta kurɓa kaɗan ta riƙe a baki, idonta a rufe, ni kuma ina tsaye ina jira kamar mai jiran hukuncin alƙali. Tsami ne ke fara zuwa, a gefen harshe. Bayan shi bauri, a dasashi. Idan kin haɗiye kuma akwai abin da ke saura a maƙogwaro, shi Inna take kira wutsiya. Zoɓon banza da kin haɗiye ya tafi. Mai kyau kuwa sai ki gama magana yana nan. Daga wannan kurɓa ɗaya ake sanin yawan ruwan da buhun zai ɗauka, da sukarin da yake so, da irin mutanen da za a kai wa.

Don masu saye ba bakinsu ɗaya ba. Kanawa suna son abarba da kanumfari. Mutanen Nijar na'ana'a suke so, kuma kada ya yi kauri. 'Yan Gana, masu ce masa sobolo, sai an sa citta da masoro har ya ƙona maƙogwaro, in ba haka ba su ce kin ba su ruwan yara. Direbobin da ke jiran fasinja a wajen filin jirgi ƙaramar kwalba suke so, wadda za ta zauna a gefen kujera ba ta faɗi ba. Lokacin Kirsimeti kuma matan da suka fito daga tsibiran da ke kudu da ƙasar nan, masu aikin jinya tare da matanmu, sukan aiko a yi musu nasu da kirfa da ɓawon lemo. Buhu ɗaya ba ya yi wa kowa. Mai tsami sosai na 'yan Gana ne, don citta tana danne shi. Mai laushi a ajiye wa na'ana'a.

Akwai wani maƙwabcinmu a hawa na ƙasa, Kofi, mutumin Kumasi. Kirista ne, amma a bakin zangon Hausawa ya taso, yana jin Hausa. Wata safiya ya hauro karɓar sobolon matarsa, ya tarar da ni a bakin taga da kofi a sama da farin ƙyalle a bayansa. Ya tsaya a ƙofa ya yi ta dariya.

"Mma Binta, wa ya koya miki aikina?"

Ashe a wani babban gidan abinci yake aiki a Manhattan, shi ke kula da ɗakin da ake ajiye giyar inabi. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, ba kuma zan kai ba, shi ma ya sani. Amma na tsaya na saurare shi, don magana ce ta mai sana'a. Ya ce a daren jiya wani dattijo ya sa aka buɗe masa wata jar giya ta ƙasar Faransa wadda ta girmi ɗan Kofi na fari, ta wata shekara da inabi ya yi kyau, shekarar da masu aikinsu ke ambata da girmamawa. Ya ce toshiyar kwalbar ta tsufa har tana marmashewa, sai da ya zare ta a hankali kamar mai cire ƙaya. Ya tsiyaye giyar cikin wani faffaɗan tulun gilashi yana haska wuyan kwalbar don kada laka ta bi. Ya ce sabuwar giya gefenta shuɗi-shuɗi ne, tsohuwa kuwa gefenta yakan koma launin jan bulo, kuma wannan ba mutuwa ba ce, shekaru ne. Da ya kai hanci da farko, warin rufaffen ɗaki ya ji. Ya bar ta ta sha iska, ya dawo, sai ga ƙamshin busassun 'ya'yan itace da na fata da na ƙasa bayan ruwan sama. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar, sannan ya ce a kai tebur.

"Idan na ce ta mutu alhali tana da rai, maigida ya yi asara," in ji shi. "Idan na ce tana da rai alhali ta mutu, baƙo ba zai sake dawowa ba. Tsakanin nan nake cin abinci."

Na ce masa nima tsakanin nan nake cin nawa.

Mu ma muna da shekararmu. Wata damina ruwa ya sauka daidai a ƙasarmu ta kan iyaka, daga Gumel har Maradi, ya ɗauke da wuri, zoɓo ya bushe babu ɗigo ɗaya da ya taɓa shi. Da buhunan suka iso, Inna ta buɗe na farko, ƙamshin ya cika kicin tun kafin a jiƙa. Baƙi wuluk, mai kauri, idan kin matse yana kuka kamar an taka busasshen ganye. Da ta kurɓa sai ta ce in ɗauko mayafi mu koma wurin mai kaya kafin wasu su farga. Har yau tsofaffin masu sana'a idan suna ciniki za ku ji suna cewa, ai wannan bai kama ƙafar na shekarar kyau ba. Mun sayar da mafi yawansa, amma Inna ta zaɓi na zaɓe, a bushensa, ta cika manyan kwalaben gilashi, ta like bakinsu, ta naɗe su da baƙin zane, ta sa a kabad ɗin da ya fi nisa da bututun ɗumama ɗaki. Duk shekara mukan buɗe ɗaya mu ji yadda ya koma. Da ƙafafunta suka gaza hawan bene ta koma Maradi wurin 'ya'yanta, ta bar mini tukunya da ludayi da shagunan da take kai wa, da sauran kwalaben.

Sai shekarar annoba ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, kuna nan. Na kwanta, Allah ya tashe ni. Ranar da na fara shiga kicin, na yanka albasa, idona ya yi ruwa amma hancina bai ji komai ba. Na ɗauki kanumfari na tauna, kamar ina tauna tsinke. Na lasa gishiri, na lasa sukari, da ƙyar na bambanta. Likita ya ce wasu yana dawo musu da wuri, wasu yana jimawa, wasu sai yadda Allah ya yi.

Da shaguna suka fara buɗewa na koma aiki, don akwai hanyar da muke bi da azumi. Kun san watan Ramadan shi ne babban lokacin zoɓo, kuma da rana ake yin sa, mai yi tana azumi. Inna ba ta yarda a ɗanɗana a tofar ba, ta ce Shaiɗan yana zaune a maƙogwaro. Don haka ta koya mini aunawa ba da harshe ba. A ɗiga a farin faranti a karkata, a ga yadda yake gangarowa. A murza tsakanin yatsu biyu, mai tsami yana sa yatsa ya yi ƙiiƙii, mai sukari daidai yana ɗan kamawa ya saki. A ɗebi cokali ɗaya a jefa masa ƙwayar kanwa, yawan kumfar da ta taso shi ne yawan tsaminsa, sannan a zubar da cokalin. Sai na ce a raina, to, zan yi aiki kamar mai azumin da ba a sha ruwa.

Ya yi mini na ɗan lokaci. Sai aka kawo wani buhu mai kyan gani, baƙi, busasshe, yana kuka a kunne. Kumfarsa ta yi daidai. Na jiƙa tukunya guda, na ɗura, na kai wa Alhaji Sani, mai babban shago a Harlem, wanda tun zamanin Inna muke da wuri a firjinsa. Kashegari ya kira ni ya ce in zo. Na tarar da kwalabena a kwali a bayan kanta. Ya jira masu saye suka ragu sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, zoɓon nan ƙarnin kifi yake yi. Mutum uku sun dawo da shi."

Ashe buhun ya yi tafiya a jirgin ruwa kusa da busasshen kifi, ya sha warin. Ido ba ya ganin wari, kanwa ma ba ta nuna shi. Na gaya masa gaskiyar abin da ya sami hancina. Ya yi salati, ya yi mini addu'a, ya ce in huta har Allah ya dawo da shi. Da na sake wucewa ta shagon, kwalaben wata ne a wurina. Ban ga laifinsa ba, firji ba ya zama wofi. Ƙananan shagunan ma da suka ji labari sai suka fara ja da baya.

Kofi ne ya hauro ya ce a wurin aikinsu ma akwai waɗanda abin ya sama, kuma suna shinshinar kanumfari da lemun tsami safe da yamma don hancin ya tuna. Na gode masa, na fara yi. Amma wanda ya rasa wurinsa a shago ba ya zaman jiran hanci. Sai na dubi 'yar autata, wadda na sa wa sunan mahaifiyata nake kiranta Ummi. Tana karatun jinya, makarantarsu ta koma ta kwamfuta, tana gida. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma a wurinta zoɓo abu ne da ake samu a firji.

Ranar farko na miƙa mata kofi na ce ta faɗa mini abin da ta ji. Ta shanye duka a tashi ɗaya, ta ce da Turanci wai ya yi daidai. Na ba ta wani, shi ma ya yi daidai. Na ba ta ragowar mai ƙarnin kifi, ta ɓata fuska ta ce wannan bai yi daidai ba. Na ga harshen yana nan, kalmomin ne babu. Sai na koma kasuwa. Na sayo tsamiya na sa mata a baki na ce wannan tsami. Na yanko ɗanyar ayaba na ce wannan bauri. Na ba ta farin ɓawon lemo na ce ɗaci. Na ƙona shinkafa da gangan na ba ta ƙanzon na ce ƙauri. Na ba ta kunun da ba a sa komai ba na ce salam.

"Mami, kin mayar da ni akuya," in ji ta da Hausarta mai karyewa. "Komai kika gani sai ki tura mini a baki."

"Akuya ba ta magana. Ke magana nake so ki yi."

Na hana ta cingam da safe, na hana ta turaren nan nata mai hawa kai. Mun yi faɗa a kan wannan fiye da komai. A hankali ta fara riƙe kurɓa a baki. Wata rana ta ce, "Wannan tsaminsa yana gudu, ya zo ya wuce." Ban koya mata wannan ba. Muka ci gaba da yin kaɗan-kaɗan, na suna da na walima a cikin unguwa, ni ido da hannu, ita hanci da harshe. Amma babban shago bai kira ba, ni kuma ban je roƙo ba.

Bayan an saki gari sosai, Inna ta kira ni a waya daga Maradi. Jikanta da ke Harlem zai yi aure, kuma Alhaji Sani ne waliyyin amarya, a zauren da ke bayan shagonsa za a yi walima.

"Kwalba guda ta rage, ko ba haka ba? Ki buɗe ta. In tana da rai ki ba tsofaffi su sha, su tuna da ni. In ta mutu ki zubar, kada ki ji kunyata."

Na ce, "Inna, ai kin san hancin bai dawo ba."

"Ke da kika haihu? Ina ɗiyar taki?"

Na ajiye wayar na san abin da ke gabana. Idan na kai wa Alhaji Sani abin da ya lalace karo na biyu, a gaban dattawan gari, sunana ya gama a sana'ar nan. Idan kuma na zubar na kai sabo, babu wanda zai zarge ni, amma babu abin da zai canja, firjin zai ci gaba da zama na wata.

Ana jibi biki muka buɗe ta da safe. Na kwance baƙin zanen, na fasa likin. Zoɓon yana nan a bushe, yana kuka a kunne, amma baƙinsa ya koma ruwan ƙasa. Na jiƙa tafi ɗaya, na tace, na ɗaga a taga. Tsakiyar ja ce har yanzu, gefen kuwa launin jan bulo. Na ɗebi cokali na jefa kanwa, kumfar ta taso kaɗan ta kwanta. Duk abin da na sani na aikin azumi ya ce mini wannan ya mutu. Ummi ta kai hanci ta ce, "Warin kabad." Na ɗauki kofin na nufi wurin wanke-wanke.

"Mami, tsaya. Da ɗumi fa yake. Ke kika ce ba a yanke wa zoɓo hukunci da ɗumi."

Na tsaya. Na kuma tuna abin da Kofi ya ce game da launin jan bulo da warin rufaffen ɗaki. Na juye shi a faffaɗan kwano, na bar shi a buɗe a bakin taga, muka tafi muka yi wasu ayyukan har muka yi azahar. Sannan ta kurkure baki da ruwa, ta zauna, na zuba mata. Ta juya kofin, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ta kurɓa ta rufe ido. Ni kuma ina tsaye inda na saba tsayawa a gaban Inna.

"Warin ya tafi," ta ce. "Tsamin ya kwanta, bai tafi ba, ya kwanta ne. Bauri babu ko kaɗan. Akwai wani abu kamar dabino, kamar zumar nan mai duhu da Baba ya kawo." Ta taɓa wuyanta. "Mami, wutsiyar tana nan. Ina magana tana nan."

Na ce, "Kumfar ba ta tashi ba, Ummi. Idona ya ce ya mutu."

"Idonki bai sha ba. Ni na sha." Ta sake kurɓa. "Kada ki sa masa citta, kada ki sa abarba. Sukari ma rabin na kullum. Ruwa kaɗan. Idan kika sa masa kaya za ki binne shi."

Shekara ashirin na idona a gefe guda, harshen yarinyar da ban daɗe da raba ta da cingam ba a ɗaya gefen. Na ɗauko ludayin Inna daga ƙusa na miƙa mata, na ce ta auna ruwan da kanta.

Bai yi yawa ba, don haka ranar walima muka yi sabo mai abarba da mai citta na jama'a, na shekarar kyau kuma muka zuba a ƙananan kofunan shayi aka kai wa dattawa a faranti, aka ce saƙon Inna Mariyama ne. Muna ɓangaren mata muna raba abinci, ba na ganin abin da ke faruwa a can. Can sai aka ce Alhaji Sani yana sallama da ni a bakin ƙofa. Na gyara mayafi na fita. Kofin yana hannunsa, da sauran kurɓa ɗaya da bai shanye ba.

"Hajiya, hancin ya dawo ke nan?"

"Bai dawo ba, Alhaji."

"To wa ya ɗanɗana wannan?"

Na nuna masa Ummi, tana can tana fama da murfin kula. Ya dube ta, ya dubi kofin.

"Wannan da ko gaisuwa sai da Turanci?"

"Ita fa."

Ya shanye sauran. Sannan ya ce, "Ranar Litinin ku kawo. Ku biyun."

Yau tsami ya dawo mini a gefen harshe, kanumfari ma ina jin sa idan na matso da shi sosai. Sauran sai yadda Allah ya yi, kuma na gode masa. Ummi ta gama karatunta tana aiki a asibiti, amma ranar da sabon kaya ya iso ita ke zuwa wurin mai buhuna kafin ta wuce aiki. Makon jiya ya kira ni, muryarsa a sama.

"Hajiya, don Allah ki riƙa zuwa da kanki. Ke ko za ki ƙi kaya sai kin tambayi iyali tukuna. Yarinyar nan ta shinshina buhunan gaba duka ta ce ɗaya ƙauri, ɗaya salam, ɗaya ya kwana kusa da barkono. A gaban mutane fa!"

Na ba shi haƙuri, na tambayi iyali. Sannan na ce, "Babu wanda ta zaɓa?"

Ya rage murya. "Akwai guda ɗaya can ƙasa, wanda na ajiye wa matata. Ban san yadda aka yi ta gano shi ba."

Na ce, "To shi za ka aiko."